Wane Barin Kake Nufi?

Masu karatu, na ga saƙonninku fa. Wata ta ce in rage taurin kai kafin in tsufa a ɗakin Umma, wani kuma ya ce falsafa ce ta taɓa mini ƙwaƙwalwa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Wanda yau ya fara leƙo mu, ga ni a taƙaice: ɗalibar falsafa ce ni, ajin ƙarshe a jami'a, kuma auta a wurin Umma da Abba. Uwar Tambaya ake ce mini a gida, don tun ina ƙarama ko aikena aka yi sai na ji dalili. Akwai kuma wani bawan Allah, likitan haƙori, da yake nemana da aure. A wayata sunansa Ciwon Haƙori, saboda in ya motsa mini a rai ba na iya cin abinci, ba na iya karatu. Don Allah kada wanda ya gaya masa.

Ranar Talata da safe na hau bene zuwa ofishin Malama, wadda ke duba kundin digirina. Ofis ne ɗan ƙarami, fanka tana juyi tana kuka, littattafai sun cinye har kujerar baƙi, sai ka kwashe su ka rungume kafin ka zauna. Kundina a kan alƙawari nake rubuta shi, kuma na shiga ina taƙama, don a ganina babi na uku ko ita sai ta sara mini.

“Zauna, 'yata,” ta ce.

In Malama ta ce maka 'yata, to ka gyara zama. Ta turo mini babin, jan biro ya yi masa kaca-kaca kamar a kansa aka yanka kaza.

“Faɗa mini tambayarki a jimla ɗaya.”

Na ce, “Shin alƙawari yana ci gaba da ɗaure mutum bayan yanayi ya canza?”

“Madalla. Wannan kam kin iya. 'Yan ajinku taken kundi kawai suke kawo mini, ba tambaya ba, shi ya sa suke cika takarda ba su ce komai ba. To duba nan.” Ta ɗora yatsa a kan wani layi. “A sama kin ce uba ya yi wa ɗansa alƙawarin tuƙa mota. A ƙasa kuma kin ce ya ba shi izini. Abu ɗaya ne?”

“Kusan ɗaya ne ai, Malama.”

Ta zare tabarau ta dube ni. “Kusan? A kasuwa ake kusan. Izini a hannun mai bayarwa yake zama, ranar da ya ga dama ya karɓe abinsa. Alƙawari kuwa da ya fita daga bakinki ya koma hannun wanda kika yi wa, ke ce ɗaurarriya. Duk kalmar da ba ki tsare ma'anarta tun farko ba, a tsakiyar hujja za ta sauya riga ki kasa gane ta.”

Ta buɗe wani shafin, inda na ragargaji masu cewa alƙawari yana mutuwa in hali ya canza. Wallahi wurin nan har karanta wa kaina nake ina jin daɗi.

“Wannan kuma 'yar tsana kika ɗinka, kika sa mata sunan abokin gardamarki, kika zazzabga mata mari. Wa kika kayar? Ki fara faɗin ra'ayinsa da kyau, yadda in yana zaune zai ce eh, haka nake nufi, har ma kin fi ni iya faɗa. Sannan ki soke shi. Su waɗannan marubutan sun mutu, ba damar a tambaye su, dole ki kyautata musu zato ki ɗauki mafi ƙarfin abin da maganarsu ke iya nufi. Da suna raye ma da sai in ce tashi ki je ki tambaye su.” Ta juya zuwa shafin ƙarshe, ta ƙwanƙwasa shi da biro. “Sai babban laifinki. Kin rushe wannan, kin rushe wancan. Ke ina kika tsaya? Na karanta har ƙarshe ban gan ki ba.”

Na tattara takarduna ina cizon leɓe. Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce sashenmu yana so ya riƙe ni in yi digiri na biyu, ina taya su koyar da 'yan aji ɗaya, kuma ita ce ta kawo sunana. Jama'a, saura kaɗan in rungume ta da littattafan duka! Sai ta ɗaga mini hannu.

“Ba na son wadda za ta fara, a ɗaura mata aure, ta ɓace mini. Ki je ki daidaita da gida da wanda na ji ana cewa yana zuwa. Kafin ranar da za ki kare kundinki nake son amsa.”

Da na koma gida na tarar an juye falo. An canza labule, an fito da kofunan gilas ɗin nan da Umma ba ta yarda ko kallonsu mu yi, Yaya kuma, babbar yayata, ta zo daga gidanta tana goge tebur da goyo a baya. Likita zai zo gaishe da Abba da yamma. Na ba su labarin Malama ina tsalle, sai Umma ta ce ai wannan ba matsala ba ce, yaron nan da bakinsa ya gaya wa Abba zai bar ni in yi karatu.

“Zai bar ni kamar yaya, Umma?”

Ta ajiye tsumman hannunta. “Kin fara ko? Uwar Tambaya, ki kiyaye ni. Mutum mai hankali, mai sana'a, mai ladabi, ya ce zai bar ki, me kuma kike nema? Ya yi miki rantsuwa a kotu? Yau in kika buɗe masa wannan falsafar taki a falona, ni da ke ne.”

Yaya ta ci gaba da goge teburin da ya riga ya gogu. Ita harhaɗa magunguna ta karanta, kuma mijinta ma da bakinsa ya ce zai bar ta ta yi aiki. Da ta haihu ya ce ta bari tukuna. 'Yar da aka ce tukuna saboda ita yanzu ta yi wayo, har tana zuwa makaranta da jakarta, ga ƙaninta a baya. Mijin Yaya ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Bai karya komai ba a ganinsa, abin da ya bayar ne ya karɓa. Na san misali ɗaya ba ya zama hujja a kan maza duka, Malama ma sai ta ja mini kunne. Amma misali ɗaya ya isa ya sa mutum ya yi tambaya.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗan aiki a wuya, na yafa mayafi ruwan hoda, na ɗan shafa turaren Yaya ba da saninta ba. Ina cikin gyara ɗankunne wayata ta yi ƙara.

Ciwon Haƙori: “Na iso. Abba yana yi mini tambayoyi, ashe gado kika yi.”

Ni: “Ka amsa da kyau, ina jin ka ta taga.”

Da Abba ya tashi ya ba mu wuri na shigo da lemo da biskit a tire. Likita yana sanye da farar riga mai dogon hannu, ya naɗe ta zuwa gwiwar hannu, ƙamshin sabulun asibiti bai gama barinsa ba. Kun san matsalar likitan haƙori? Ya saba yini yana magana da mutanen da bakinsu ke buɗe amma ba sa iya mayar da amsa. Don haka in ya faɗi abu, a wurinsa an gama.

Na ba shi labarin digiri na biyu. Ya yi murna ta gaske, har ya tafa.

“Ai na gaya wa Abba, zan bar ki ki yi.”

Ta bayan labule na hango ƙafar Umma. Zuciyata ta ce ki yi shiru ki sha lemonki, bakina kuma ya riga ya buɗe.

“Likita, wannan barin, izini ne ko alƙawari?”

Ya yi dariya. “Meye bambancin?”

Na gaya masa yadda Malama ta gaya mini. Ina magana dariyar tana janyewa daga fuskarsa, har ya ajiye kofin.

“Wato ba ki yarda da ni ba ke nan. Kina ganin zan yaudare ki.”

“A'a. Bari ma in faɗa maka abin da ke ranka, in na yi kuskure ka gyara mini.” Na gyara zama kamar ina gaban Malama. “Kana ganin aure ba yarjejeniyar kamfani ba ce da za a zauna ana tsare kowace kalma. Kana ganin ba wanda ya san gobe: ana iya haihuwa, ana iya rashin lafiya, ana iya canza maka wurin aiki. Mutumin kirki ba ya ɗaure kansa da abin da bai san zai iya cikawa ba, don kada wata rana ya zama maƙaryaci a idon matarsa. Kuma yana yi maka ciwo a ce duk halinka da na sani bai ishe ni ba, sai na nemi wata kalma daban.”

Ya saki baki yana kallona. “Wallahi haka ne. Ni kaina da ba zan iya jera shi haka ba.”

“To ga inda na rabu da kai. Duk abin da ka lissafa, haihuwa, ciwo, canjin aiki, in sun zo mu biyu za su samu. Amma a maganarka akwai wani ginshiƙi da ba ka faɗa ba: in wuri ya ƙure, karatuna ne zai fara fita ta taga, kuma kai kaɗai za ka yanke. Ban ce ba ka da haƙƙi a kaina in na zama matarka ba. Cewa na yi, saboda kana da shi ne nake so in san me za ka yi da shi. Malama tana jiran amsata, ni kuma ba zan yi mata alƙawari a kan izinin da ake iya karɓewa ba.”

Ya daɗe yana juya makullin motarsa a hannu. Daga nan ya miƙe, ya ce a gaishe da Umma, ya fita. Ko biskit ɗaya bai taɓa ba.

Abin da Umma ta yi mini ba sai na faɗa ba. Ta ce na kori arziki da baki, ta ce 'ya'yan mutane suna karatu su fito da hankali ni na fito da gardama. Ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Shi kuma shiru kamar ruwa ya cinye shi: ba kira, ba saƙo, ko hoton haƙoran nan masu ban tsoro da yake turo mini don tsokana babu. Ba zan ɓoye muku ba, na ji zafi. Ina gyara babi na uku hawaye na ɗiga a kan madannan kwamfuta. Amma ko sau ɗaya ban ji cewa da ban tambaya ba. Tambayar daidai take, ko a gaban wa zan maimaita ta.

Ranar Asabar da hantsi muna kicin, ni ina wanke-wanke, Yaya ta sake zuwa wai sasanta ni da Umma. Wayata tana kan firji ta yi ƙara. Hannuna duk kumfa, na ce Yaya ta duba mini. Ta duba, ta juyo mini da fuskar wayar.

Ciwon Haƙori: “Na bar ki.”

Shi ke nan. Ba gaba, ba baya.

Umma ta fizge wayar ta karanta, ta dafe ƙirji. “Innalillahi! Ya bar ta! Kin gani ko? Kin ga abin da bakinki ya jawo mana?” Ta zauna a kan bokitin da ke kife ta fara sharar hawaye da gefen zani.

Yaya ta ce, “Haba Umma, cewa yake ya bar ta ta yi karatun. Ya amince ke nan.”

“Ke rufe mini baki! Namiji ya yi kwanaki bai kira ba, sannan ya ce na bar ki, ki ce mini amincewa ce?”

Suka kaure, kowa da fassararta. In Umma ce da gaskiya, na rasa mutumin da nake so. In Yaya ce, ban samu komai ba, izinin nan ne dai ya sake turo mini a waya. Ina tsaye kumfa tana bushewa a hannuna sai maganar Malama ta faɗo mini: matattu ake zama ana yi wa fassara. Wannan marubucin da ransa, kuma na san inda yake aiki.

Na ɗauraye hannu, na zari mayafi da jaka. Umma tana kiran ina za ki, ban waiwaya ba.

Asibitin nasa hawa na biyu yake a wani dogon gini, saman shagon sayar da tabarau. Mutane na zaune a layi kowa ya tallafe kumatu. Nas ɗinsa, wata dattijuwa mai fara'a da ta san ni, ta ce yana da mara lafiya. Na ce ni ma mara lafiya ce, a sa ni a layi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta danne dariya, ta nuna mini kujera. Na zauna ina jin kukan injin nan mai huda haƙori, ina jera maganata a zuci: tambaya ɗaya, jimla ɗaya, ba kuka, ba 'yar tsana.

Da layi ya zo kaina na shiga na haye doguwar kujerar na kwanta. Yana juye da baya yana sa safar hannu.

“Sannu, buɗe baki mu gani,” ya ce, sannan ya juyo. Ƙaramin madubin da ke hannunsa ya kusa faɗuwa.

“Na buɗe,” na ce. “Amma yau wadda ke kan kujerar za ta yi magana.” Na ɗaga masa wayar. “Wane barin kake nufi?”

Ya ja takunkumin fuskarsa ƙasa, ya karanta saƙon nasa kamar wani ne ya rubuta. Na ga lokacin da ɗaya ma'anar ta dira masa, don idanunsa sun fito waje.

“La ilaha illallahu! Ke kin ɗauka... Wallahi ban ga wannan ba! Ni na bar ki? In je ina?”

“Umma tana can tana kuka a kan bokiti.”

Ya dafe kai da safar hannun da komai. Ya ce tun ranar yake rubuta mini saƙo yana gogewa. In ya rubuta dogo sai ya ga kalmar da zan kama, ya cire ta. Ya cire wannan, ya cire waccan, har ya rage saura 'yan kalmomin da a ganinsa ba ta inda zan same su da laifi. Nas tana jera kayan aiki a tire, kafaɗunta sai rawa suke.

“To ka gani,” na ce. “Kalmar nan baki biyu gare ta. Da ita ake sakar wa mace hanya, da ita kuma ake tafiya a bar ta tsaye. Shi ya sa na ƙi gina rayuwata a kanta.”

Ya jawo kujerarsa mai taya ya zauna, ya cire safar. Ya ce Nas ta matso ta zama shaida.

“Na yi tunani, ba barcin kirki na yi ba. Ba izini ba ne. Alƙawari na yi miki: za ki yi digirinki na biyu, za ki koyar, in wuri ya ƙure mu biyu za mu zauna mu matsa, ba karatunki ne zai fara fita ba. Na ɗaure kaina, igiyar tana hannunki. Akwai kalmar da ta sauya riga a ciki?”

Na auna ta gaba da baya, don hali ba ya barin mutum. Na ce babu.

“To saura ni,” ya ce. “Ranar nan kin faɗi ra'ayina, kin faɗi inda ya karye, kin faɗi abin da Malama ke jira. Na koma gida na juya maganarki kaf, ban ji inda kika ce ke kina son auren nan ba. Kullum ni nake faɗa, ke kina gyara mini jimla. Ke ina kika tsaya?”

Jama'a, kun ji fa! Tambayar da ke shafin ƙarshe na kundina ce ta biyo ni har kujerar cire haƙori. Fitilar nan tana haske mini fuska, Nas ta daina ko motsi, kunya kamar in nutse cikin kujerar. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Amma wadda ta tsare mutum a kan kalma ba ta da bakin yin kwana-kwana.

“Ina son ka,” na ce. “Ma'ana ɗaya gare ta, ba ta da ta biyu.”

Nas ta saki tiren ta hau tafi. Shi kuwa murmushi yake har ina iya ƙirga haƙoransa, kuma a gaskiya tallar sana'arsa suke yi. Bai kai ga cewa komai ba wayata ta yi ƙara a cinyata.

Yaya: “Kina ina? Umma ta gaya wa Abba an fasa. Ya ce ba a yi wa 'yarsa haka ta waya, ya sa hula ya ɗauki mota, gidan su Likita ya nufa. Ya bar wayarsa a kan tebur.”

Na miƙa masa ya karanta. Kafin in sauko daga kujerar ya tuɓe farar rigar aiki, ya ce wa Nas ta ba mutanen layi haƙuri, ya zari makulli. Muna sauka a bene da gudu yana cewa me zai gaya wa Abba, ta ina zai fara.

Na ce, “Kai dai tuƙa motar. Bayanin ka bar mini, kuma ka san wane barin nake nufi.”